Kar mu yi gaggawar sayar da kayan kakanni

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya. Daga Tawa nake rubuto muku kan abin da ya faru a gidanmu bayan rasuwar kakanmu, Allah ya jiƙansa.

Ranar rabon gado aka buɗe adakarsa, sai ga tsofaffin takardu cikin gafaka da kuɗin azurfa uku masu hoton wata baturiya, an buga 1780 a jiki. Samarin gida duk hankalinsu ya koma kan azurfar, takardun kuwa wani dillali ya taya jaka goma wai tarkace ne, saura kaɗan wallahi a sallama masa. Ashe kuɗin na Maria Theresa ne, sarauniyar Ostiriya da ta rasu a 1780, kuma duk wanda aka buga bayan mutuwarta wannan shekarar ake sa masa, har yau ma ana bugawa, to ka ga ba a gane tsufansu da lambar jikinsu.

Takardun ne suka ba ni mamaki. Limamin unguwarmu ya ɗaga warƙa ɗaya ya haska ta da rana, sai ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, irin takardar Italiya da fatake ke ketowa hamada da ita daga Tarabulus. A shafin ƙarshe kuma wanda ya kwafi littafin ya sa sunansa da na mahaifinsa. Da na karanta wa Gwaggo sunan sai ta yi shiru, can ta ce ai kakanta ne, ta jero mana wa ya ba wa har ya iso hannun marigayi. Na ɗauki muryarta a waya nan take, don in ta tafi wa za mu tambaya?

A Yamai akwai IRSH, wata cibiyar bincike ta Jami'ar Abdou Moumouni, mai sashen rubutun Larabci da ajami, wanda marigayi Boubou Hama ya fara tara wa littattafai, amma mutum nawa a Adar suka san da shi? Roƙona ku isar musu da saƙo su riƙa zagayo mu Tawa da Illela da Ƙonni ko sau ɗaya a shekara, su duba kayan a gaban masu shi, su ɗauki hoto su bar mana abinmu. Tsoho ba zai yarda gafakar ubansa ta hau mota zuwa Yamai ba, ni ma ban ga laifinsa ba.

Mai karatunku daga Tawa