Wa ke duba lafiyar likitan kunne, hanci da maƙogwaro?

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Edita.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wasu bayin Allah da aka manta da su tun da annobar korona ta lafa, wato likitocin kunne, hanci da maƙogwaro. Ni ma'aikaciyar jinya ce, a sashensu na yi aiki lokacin annobar, don haka ganau ce ni ba jiyau ba.

A wancan lokaci kullum dare hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, tana fitar da adadin waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu. Amma likitan da ya tsira da ransa, ya fito jiki a mace, zuciya ta gaji da aikin da a da yake ƙauna, shi ba wanda ya sa shi a lissafi.

Ƙwayar cutar nan a hanci da maƙogwaro take zama, kuma nan ne wurin aikinsu. Wani likitan yana iya ja da baya kaɗan, majinyaci na sanye da takunkumi, su gama magana. Wannan kuwa ba hali. Dole mara lafiya ya sauke takunkumi ya wangale baki, likita ya kunna fitilar goshi ya matso har numfashinsu ya haɗu. Da ya danna harshe da ɗan katakon nan, sai tari ko atishawa, a fuskarsa. Yaron da ya cusa ƙwayar wake a hanci ba zai jira annoba ta wuce ba, haka ma dattijon da haɓo ya ɓalle masa cikin dare. Mafi tsanani shi ne huda maƙogwaro a sa bututu ga wanda numfashi ya gagare shi, domin da an buɗe hanyar iska majina ke fesowa.

Kuma sun san haɗarin tun da wuri. Cikin likitocin farko da cutar ta kashe a China akwai Liang Wudong, likitan wannan fanni, wanda ya rasu ranar 25 ga Janairun 2020. A Ingila kuma aka rasa Amged El-Hawrani, ɗan asalin Sudan mai shekara 55, ranar 28 ga Maris, shi ma fanninsa ke nan. Da wannan labari a ransu likitocinmu suke shiga ɗakin duba marasa lafiya kowace safiya, wani lokaci da takunkumin N95 guda ɗaya da za a yi ta lallaɓawa kwana da kwanaki.

Na ga likita mai fara'a, wanda a da yara ke rububin zuwa wurinsa, ya koma ba ya iya haɗa ido da kowa. Ya ƙaurace wa iyalinsa, yana kwana a shagon ƙofar gida don tsoron kada ya kai wa mahaifiyarsa cuta. A asibiti gilashin kariya yana yin hazo, zufa na zuba, ga majinyaci mai raunin ji da ya saba karanta leɓe, yanzu leɓen a rufe, sai ɗaga murya da nuni da hannu. Abin da ya fi cin ransa shi ne tiyatar da aka ɗage saboda kulle. Masu ciwon daji na maƙogwaro da aka ce su koma gida su jira, wasu sun dawo ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu. Ba laifinsa ba ne, amma shi ya dube su ya faɗa musu, shi kuma ya kwana da abin.

Wannan ba lalaci ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, kamar yadda na ji wasu na faɗa. Tun a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin matsalar da ke tasowa daga matsin aiki mai tsawo da ba a magance ba, ta kuma faɗi alamunta: ƙarfi ya ƙare, mutum ya ji aikin ya fita daga ransa, sannan ƙwazonsa ya ragu. Gajiya ce da barcin dare ɗaya ba ya warkarwa. Kuma hannun da ke aiki kusa da jijiyar fuska ko hanyar numfashin jariri, in ya yi rawa, majinyaci ne zai kwana a ciki.

Me aka saka musu da shi? Lokacin da aka tabbatar da shigowar cutar Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, alawus ɗin haɗari na likita naira 5,000 ne a wata. A watan Yunin shekarar sai da ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta tafi yajin aiki kan kayan kariya da wannan alawus. An ƙara kuɗin daga baya, gaskiya ne, amma kuɗi kaɗai ba ya mayar wa mutum da natsuwarsa. Da yawa sun tattara takardunsu sun tafi Saudiyya da Ingila, aikin mutum uku ya koma kan mutum ɗaya. Ba su gama numfasawa ba sai ga mashaƙo ya ɓarke a ƙarshen 2022, Kano ce ta fi jin jiki, kuma yaron da maƙogwaronsa ya toshe su ɗin dai ake kira.

Ranka ya daɗe, roƙona shi ne ka tura wakilinka asibitocin koyarwa na Arewa da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ya zauna da likitocin, manya da ƙanana, ya ji ta bakinsu. Ya tambayi shugabannin asibitoci ko likitan da ya kwana a bakin aiki yana samun hutu washegari, ko akwai kayan kariya a ajiye tun kafin wata annoba, ko kuma akwai wanda likita zai je ya faɗa wa damuwarsa a asirce ba tare da an yi masa kallon rago ba. Abin da aka samu a buga shi a jaridar nan, kwamishinonin lafiya da 'yan majalisa su karanta.

Wassalam.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya, daga Kano