Ganuwa kaɗai muke wa kuka, masaukan fatake fa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in amayar da abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Duk damina sai hoton ganuwar Kano ya zagaya Facebook: nan ta zube, can wani ya gutsure ta ya kafa shago. A yi Allah wadai kwana biyu, a koma harkar gabanmu. Kukan yana kan hanya, ban musa ba. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya ɗora harsashinta shekara ɗari tara da suka wuce, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, wanda ya bi titi daga Ɗan Agundi zuwa Gadon Ƙaya yau ya san abin da ya saura daga cikinta. Tun 2007 Najeriya ta miƙa sunanta ga UNESCO don a sa ta cikin wuraren tarihi na duniya, har yanzu tana layi, ita kuwa ƙasar ginin tana ta narkewa.

Amma ganuwa shinge ce. Abin da aka kewaye da ita shi nake so mu duba, domin shi yana tafiya ba tare da ko mai ɗaukar hoto ba.

Kano garin baƙi ce tun asali, kuma sunayen unguwanninmu ne shaida. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta samo suna. Dandalin Turawa ba na Nasara ba ne, na Larabawan Tarabulus da Gadamas ne. Ga Zangon Barebari, ga Agadasawa, ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarabawa. Duk waɗannan mutane da suka cika kasuwar Kurmi a wani wuri suka kwana, kuma ba otal ba ne. Gidan fatoma ne: maigidan da zai sauke ka, ya adana maka kaya, ya nemo maka mai saye, ya tsaya maka in rigima ta taso, ya karɓi la'adarsa.

A irin wannan gida na tashi, gidan kakanmu a cikin birni. Zaure uku kake ratsawa kafin ka isa cikin gida. Na farko shi ne na baƙi, rufin ɗaurin guga, bakan gizo huɗu sun haɗu a tsakiya, an kafa tasa a mahaɗarsu. Da tsakar ranar bazara in ka shiga sai ka ji sanyi kamar an buɗe randa. Na riski ƙarshen zamanin, lokacin da Buzaye ke sauka da kanwa da dabino da gishirin Bilma. Mota ce ke kawo su a lokacin, raƙuma sun zama labari. Ina tuna wani dattijo cikinsu da ke dafa shayi a bakin ƙofa, yana ba mu ragowar sukari. Kakanmu bai taɓa karɓar kuɗin kwana a hannunsa ba. In an tambaye shi sai ya ce, “Baƙonka ai arzikinka ne.”

Da tsoho ya rasu, magada muka kai ashirin da wani abu. Soron baya ya fara yoyo, muka nemi maginin da zai gyara mana da tubali da makuba, sai da ƙyar muka samu wani tsoho da hannunsa ke rawa, 'ya'yansa duk sun koma aikin bulo. Kowa na da bukata: wannan zai aurar da 'ya, wancan kuɗin makaranta. Aka sayar, aka raba. Ni ma na sa hannu, kada a ce ina wanke kaina. Cikin kwana uku aka baje gidan, azarar da ta fi ubana shekaru aka sayar wa mai gidan burodi a matsayin itace. Yanzu bene ne mai shaguna, ana sayar da kayan waya.

Ba wanda ya karya doka a nan, kuma wannan shi ne abin tsoron. Lokacin da aka rushe gine-ginen da aka yi a filin tsohon otal ɗin Daula a watan Yunin 2023, gari ya ɗauka, kowa da ɓangarensa, saboda akwai siyasa a ciki. Gidajen ƙasa na cikin birni kuwa rabon gado ne ke cinye su ɗaya bayan ɗaya, salin-alin, da yardar masu su.

Gidan da ba ya kawo ko sisi, magada ba za su riƙe shi don tarihi ba, komai wa'azin da za a yi musu. Shi ya sa nake ganin mafita ita ce a maida waɗannan gidaje kan aikinsu na asali, wato saukar baƙi. Na je Agadas, wadda UNESCO ta sa tsohon garinta cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, na kwana a masaukin ginin ƙasa, da safe na leƙa na hango hasumiyar babban masallaci. Ba abin da suke da shi na gini wanda maginan Kano ba su iya ba. Mu kuwa baƙonmu, ko ya zo kallon Hawan Daushe ne, ko ganin marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama, a Nassarawa ko Bompai zai kwana cikin ɗakin siminti irin wanda ya baro a garinsu. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya, ko da yake rikicin sarauta ya sa an yi ta dakatar da shi a shekarun nan. Ranar da abubuwa suka daidaita baƙi za su zo, kuɗinsu kuma a wajen ganuwa zai tsaya.

Na san abin da za a ce: lungu mota ba ta shiga, ruwa sai 'yan garuwa, ga batun tsaro, ga masu tsoron kada a mayar da unguwa matattarar banza. Na ƙarshen nan ya fi ba ni dariya, don kakanninmu sun sauki Balarabe da Buzu da Bayarabe shekaru aru-aru ba tare da tarbiyya ta lalace ba. Hikimar zaure ke nan, baƙo yana da iyakarsa. Sauran kuwa aiki ne na kuɗi da niyya.

Roƙona ga gwamnatin jiha da masarauta da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa shi ne a fara da ƙirga gidajen da suka rage, ta hannun masu unguwanni, don su suka san gidan da ake shirin sa wa a kasuwa. Magadan da suka yarda su riƙe nasu a tallafa musu da gyara. Tsofaffin magina kuma a haɗa su da yara su koya, tun ana samun wanda ya san yadda ake ɗaure bakan gizo. Wanda ya duba mana soronmu ya rasu bara.

Na gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu daga cikin birnin Kano