Gwaninta kaɗai ba ta kai yaron makarantar ƙwallo babbar tawaga

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi bayani kan wani abu da ke damun mu, mu da ke horar da yara ƙwallon ƙafa.

Tun ranar 18 ga Satumban 2022, da Mikel Arteta ya sako Ethan Nwaneri a ƙarshen wasan Arsenal da Brentford yana da shekara 15 da kwana 181, maganar yaran makarantun ƙwallo ta cika gidajen kallo da majalisu. Da Max Dowman ya shigo wasan Leeds a Agustan 2025, shi ma yana da shekara 15, sai maganar ta ƙara ƙarfi. Abin da ake ta faɗa shi ne, in dai yaro ya iya, ba mai tambayar shekarunsa. Iyaye da yawa sun ɗauki wannan magana da gaske, har wasu na sayar da fili ko dabbobi don a kai ɗansu waje. Shi ya sa muka ga ya dace a fayyace yadda hanyar take, kuma za mu ɗauki Arsenal ɗin misali tunda ita ake yawan kafa hujja da ita.

Yaro yana shiga Hale End, makarantar ƙwallon Arsenal, tun yana ɗan shekara 8 ko 9, kuma ba a ba shi tabbacin zama. Lokaci zuwa lokaci ana zama a duba wanda za a riƙe da wanda za a sallama. Babban tankaɗe yana zuwa a shekara 16, inda kaɗan ne ake ba gurbin horo na shekara biyu, su koma filin atisayen London Colney kusa da manya. A Ingila sai yaro ya cika 17 yake sa hannu a kwantiragin ƙwararru, kuma dokar FIFA ba ta yarda kwantiragin wanda bai kai 18 ba ya wuce shekara uku. Daga nan sai tawagar 'yan ƙasa da 18, sai ta 'yan ƙasa da 21, sai a fara kiransa atisaye da manya idan ana neman cikon mutane. Mafi yawan yaran da suka kai wannan matakin a nan tafiyarsu take tsayawa.

Masu tankaɗen ma suna kuskure, kuma kuskuren yana da sanadi. Shekarar makarantun ƙwallo a Ingila tana farawa ne ranar 1 ga Satumba, don haka yaron da aka haifa a Satumba yana aji ɗaya da wanda aka haifa a Agustan shekara mai zuwa. A shekara 13 wannan tazara ta wata goma sha ɗaya tana nufin tsawo da ƙarfi da gudu, sai mai ƙaramin jiki ya zama kamar bai iya ba alhali girma ne bai zo masa ba tukuna. Ga kuma ciwon gwiwa da na dunduniya da ke kama yara lokacin da ƙashi yake saurin miƙewa, wanda kan zaunar da yaro watanni daidai lokacin da ake yanke hukunci a kansa. Arsenal ta sallami Eberechi Eze yana da shekara 13, ya bi ta Fulham da Reading da Millwall, QPR ta ɗauke shi a 2016, sannan a 2025 Arsenal ɗin ta dawo ta saye shi daga Crystal Palace da kuɗi masu yawa. Chelsea ta sallami Declan Rice yana da 14, West Ham ta raine shi, Arsenal ta biya kimanin fam miliyan 105 a kansa a 2023.

To a ce yaro ya tsallake duk wannan. Me ke buɗe masa ƙofa? Idan aka duba waɗanda suka samu shiga, kusan kowannensu gurbi ne ya faɗo, kuma sau da yawa ba gurbin da ya saba bugawa ba. Bukayo Saka ya fara buga wa manya a Nuwamban 2018 a gasar Europa, a wasa da Vorskla Poltava, amma abin da ya zaunar da shi a tawaga shi ne kakar 2019/20, da Kieran Tierney da Sead Kolasinac suka ji rauni, aka mayar da shi mai tsaron baya ta hagu alhali ɗan gaba ne. Myles Lewis-Skelly ɗan tsakiya ne a makaranta, amma a bayan hagu ya samu wuri a kakar 2024/25, nan ma saboda masu gurbin suna jinya. Shi kansa Nwaneri, bayan wancan tarihi da ya kafa, ya yi kusan shekara biyu ba a cika ganinsa ba. Sai da Martin Odegaard ya ji rauni a idon sawu, Saka kuma ya samu matsala a tsokar bayan cinya a Disamban 2024, sannan ya fara samun wasanni a jere. Da kaka ta ƙare, ƙungiyar ta sayo Noni Madueke da Eze, duka biyun a wuraren da yake bugawa. Darasin da muke koya wa yaranmu daga nan shi ne kada yaro ya ce shi lamba ɗaya kawai ya sani. Wanda zai iya buga wuri biyu ko uku, yana amfani da ƙafa biyu, yana komawa tsaro idan an ƙwace ƙwallo, shi koci yake tunawa da shi ranar da asibiti ta cika.

Gurbin ma ba daidai yake ba. Ɗan gefe ana iya sako shi saura minti goma sha biyar ana cin biyu da nema, in ya yi kuskure ba a yi asarar komai ba. Mai tsaron raga da mai tsaron baya na tsakiya ba a yi musu haka, domin ba a cika canja su ana cikin wasa ba, kuma kuskurensu guda ƙwallo ce a raga. Shi ya sa su sukan daɗe suna yawon aro kafin a yarda da su. Ƙarin canji zuwa biyar da Firimiya ta tabbatar daga kakar 2022/23 ya taimaka wa 'yan gaba da 'yan tsakiya, bai yi wa gola komai ba.

Sai halin da koci yake ciki. Kocin da kujerarsa ke rawa ba ya gwada yaro, sai fa idan ya rasa yadda zai yi. Emile Smith Rowe ya samu damarsa ranar 26 ga Disamban 2020 a wasa da Chelsea, lokacin da Arsenal ke can ƙasan tebur kuma wasu manyan ba su samu bugawa ba. Arsenal ta ci 3-1, ya riƙe wurin, har aka ba shi riga mai lamba 10. Amma rauni ya kai shi tiyata a 2022, kafin ya dawo tawagar ta wuce shi, a 2024 aka sayar da shi ga Fulham. Wannan yaro ne da ya yi duk abin da ake so, bai yi laifin komai ba.

Sayar da shi ɗin ya kawo mu ga abin da masu kallo ba su cika lura da shi ba, wato lissafin kuɗi. Firimiya ta yi shekaru tana aiki da dokar da ta hana ƙungiya yin asarar fiye da fam miliyan 105 cikin shekara uku. A littafin lissafi, ɗan wasan da aka saya fam miliyan 50 kan kwantiragin shekara biyar ana raba kuɗinsa miliyan 10 kowace shekara. Bayan shekara biyu saura miliyan 30 a kansa, in aka sayar da shi 35, ribar da za a rubuta miliyan 5 ce kacal. Yaron gida kuwa, wato wanda ƙungiyar ta raina a makarantarta, ba a saye shi ba, don haka in aka sayar da shi 35, duka 35 ɗin riba ce. Wannan ne ya sa manyan ƙungiyoyi suka fi saurin rabuwa da 'ya'yansu. Chelsea ta sayar da Mason Mount a 2023 da Conor Gallagher a 2024, Manchester City ta saki Cole Palmer a 2023, Newcastle ta sayar da Elliot Anderson ga Nottingham Forest a ƙarshen Yunin 2024. A Arsenal, Alex Iwobi ya tafi Everton a 2019, Joe Willock ya tafi Newcastle a 2021, Eddie Nketiah ya tafi Crystal Palace a 2024. Folarin Balogun ya je aro Reims ya ci ƙwallo 21 a gasar Faransa a kaka guda, duk da haka bai dawo ya samu wuri ba, Monaco aka sayar wa shi a 2023. A ganinmu wannan tsari yana cutar da ƙwallo, domin ya mayar da makarantar da aka gina don ciyar da tawaga gaba ta zama wurin kiwo don kasuwa.

Akwai dokokin da ke kare yaran gida, amma kariyarsu ba ta kai yadda ake zato ba. A jerin 'yan wasa 25 na Firimiya, waɗanda ba a raina a Ingila ko Wales ba ba za su wuce 17 ba, kuma 'yan ƙasa da 21 ba sa cin gurbi a jerin. A gasannin UEFA ana ware gurbi 8, aƙalla 4 daga ciki na waɗanda ƙungiyar da kanta ta raina shekara uku tsakanin 15 da 21. Sai dai dokar sunan yaro kawai take sa wa a takarda, ba ta tilasta wa koci ya ba shi ko minti ɗaya a fili.

Duk wannan fa ga yaron da aka haifa a Landan ne. Namu na nan gida yana da wasu shingaye biyu kafin ya iso inda wancan ya fara. Na farko, sashe na 19 na dokar FIFA ya hana a kai yaro wata ƙasa ya buga ƙwallo kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi, kamar iyayensa su yi ƙaura don dalilin da ba na ƙwallo ba. An hukunta Barcelona a 2014 da Chelsea a 2019 kan karya wannan doka. Saboda haka duk wanda ya ce zai kai ɗanka mai shekara 15 makarantar Arsenal ko Chelsea in ka biya kuɗin biza da jirgi, ƙarya yake yi. Na biyu, takardar izinin aiki a Ingila, wadda rashinta kan hana yaro buga wa ƙungiyar da ta ɗauke shi, sai a tura shi aro wata ƙasa. Kelechi Nwakali shi ne gwarzon gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a 2015, Arsenal ta ɗauke shi a 2016, ya yi aro a Holan da Fotugal, ya bar ƙungiyar a 2019 bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. Taiwo Awoniyi ya yi shekara shida a hannun Liverpool yana yawon aro, har aka sayar da shi ga Union Berlin a 2021. Ko a wajen Ingila ma, Victor Osimhen, da ya ci ƙwallo 10 a waccan gasa ta 2015, bai ci ko ɗaya a Wolfsburg ta Jamus ba, sai da ya sauka Charleroi ta Beljiyam ya samu wasa kowane mako sannan tauraronsa ya haska.

Hanyar da Ahmed Musa ya bi ita muke ganin ta fi dacewa da yaranmu. Daga makarantar GBS a Jos ya shiga ƙungiyar JUTH, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/10, sannan ya tafi VVV-Venlo ta Holan, inda shi ma sai da aka jira ya cika 18 a Oktoban 2010. Ya tafi ne da shaidar wasa da manya a gaban 'yan kallo, a ƙaramar ƙungiyar da take buƙatarsa a fili.

Ga iyaye, kafin a ba da ko sisi a nemi abu uku. A ga shaidar cewa makarantar tana da rajista da hukumar ƙwallo ta jiha kuma an sa sunan yaron a rajistar, domin da ita ake gina tarihin ɗan wasa da FIFA ke dubawa. Ta nan ne makarantar za ta samu diyyar horo ta shekarun 12 zuwa 21, da rabonta a kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da shi daga wata ƙasa zuwa wata. Makarantar da ta san za ta ci wannan kuɗi nan gaba ba ta da dalilin tatsar uba yau. A nemi lasisin FIFA na wakilin, a kuma tuntuɓi ƙungiyar da aka ce ta aiko da gayyata ta adireshinta na hukuma, domin ƙungiyar gaske ba ta karɓar kuɗin gwaji ta asusun wani mutum. Sannan kada a rage wa yaro shekaru. Tun 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17, kuma ko an tsallake na'ura, ɗan shekara 22 da aka rubuta masa 17 ya riga ya gama girma. Masu saye suna jiran ci gaban da ba zai zo ba, bayan kaka biyu su sallame shi. Karatu ma kada a ajiye shi, tunda yawancin yaran ba da ƙwallo za su ci abinci ba.

Ga ƙungiyoyinmu na gasar NPFL, musamman na gwamnatocin jihohi, matsalar ita ce ana sallamar koci bayan 'yan wasanni marasa daɗi, kowace kaka kuma a kwaso sababbin 'yan wasa da yawa daga wasu ƙungiyoyi. A haka ba kocin da zai yi kasadar sako ɗan shekara 17. Remo Stars, da ke da makarantar Beyond Limits a Ikenne, ta ɗauki kofin gasar a 2025, abin da ke nuna raino da neman kofi suna iya tafiya tare. Muna kira ga Kano Pillars da Katsina United da El-Kanemi Warriors da sauransu da su riƙa haɗa yaran ƙananan tawagoginsu atisaye da manya aƙalla sau biyu a mako, su ware musu gurbi a benci a wasannin gida, su kuma ba kocin da aka ɗora wa wannan aiki kwantiragin da ya wuce kaka ɗaya. Ku kuma ma'aikatan shafin wasanni, muna roƙon ku riƙa buga mana a ƙarshen kowace kaka yawan mintunan da kowace ƙungiya ta ba 'yan ƙasa da shekara 20, tare da sunayen makarantun da suka fito.

Wassalam.

Daga wasu masu horar da yara ƙwallon ƙafa, Kano