Godiya ga sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano

Assalamu alaikum likitoci, nas-nas da duk ma'aikatan wannan sashe na asibitin koyarwa da ke titin Zariya. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, na ga godiyar cikin ofis ba ta isa ba shi ya sa na fito fili.

Rashin barci ne ya kai ni wurinku, tun bayan rasuwar mahaifinmu nauyin gida duk ya dawo kaina, ga bashin kaya ga ƙanne a makaranta, kowa ya kwanta ni ina ta lissafi har a kira assalatu, da rana kuma abu kaɗan sai gabana ya hau faɗuwa. Likitan da ya duba ni shi ya haɗa ni da masanin halayyar ɗan Adam, kuma wallahi wannan bawan Allah ya iya sauraro. Bai katse ni ba, bai ce min "ai kowa da irin tasa" ba kamar yadda aka saba ce min.

Cewa ya yi in sayi ƙaramin littafi, duk tunanin da ya taso min da daddare in rubuta, in na zo mu duba tare. Na rubuta "shagon nan rufewa zai yi". Sai ya ce to Alhaji mece ce hujjarka, nawa ake bin ka, nawa kake bin mutane? Da muka zauna muka baje lissafin sai ga shi bashi ne dai mai biyuwa. Ya koya min jan numfashi a hankali in ƙirji ya ɗaure, da ajiye waya tun kafin in kwanta, kuma ko sau ɗaya bai ce in rage addu'a ba, cewa ma ya yi in riƙe azkar ɗina.

Yanzu ina barci alhamdulillah. Kwastoma ya yi tayin wulaƙanci sai in ce albarka kawai ya wuce, uwargida in ta yi magana ina bari ta kai ƙarshe, yara sun dawo suna zama kusa da ni da yamma, wannan ya fi min komai.

Mu nan Kano da an ji ka je ganin likitan ƙwaƙwalwa sai a fara zancen Dawanau, wato asibitin masu taɓin hankali, alhali tun Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, amma a layinku na ga abin a aikace, malamai da 'yan makaranta da matan aure kowa da katinsa, ba a ɗaga wa kowa murya, sirrin mutum kuma a rufe.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku haƙuri da mu, ya jiƙan magabatanku.

Naku,
wani ɗan Kwari