Wasiƙa zuwa ga Malam Habu kan ziyararmu ta Alabama

Aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da su Hajiya, na rubuto ne domin shirun ya yi yawa, kuma ina ɗauke da labarin da ba zan iya ɓoye maka ba. A makon jiya na raka ɗaliban sakandarenmu daga Atlanta zuwa jihar Alabama, domin su ga inda baƙar fatar Amurka suka yi gwagwarmayar neman 'yanci.

Mun fara da Birmingham, a cocin da ke Titi na 16, inda 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin jinin baƙar fata, suka dasa bam ranar 15 ga Satumba, 1963, ya hallaka 'yan mata huɗu, ɗaya mai shekara 11, ukun kuma 14. Yaran sun karanta wannan a aji, amma da mai yi mana bayani ya ambaci shekarun, sai wata ɗaliba sa'arsu ta fashe da kuka. Tsallaken titi ne filin Kelly Ingram, inda a watan Mayun shekarar aka saki karnuka, aka kuma buɗe mesar kashe gobara a kan 'yan makaranta masu zanga-zanga.

A Selma mun taka gadar Edmund Pettus da ƙafa. A nan ne ranar 7 ga Maris, 1965, 'yan sanda suka far wa masu tattakin neman 'yancin zaɓe kusan 600 da kulake da barkonon tsohuwa, har suka fasa wa ɗaya daga cikin jagororin tattakin, John Lewis, kai, kuma cikin watan Agusta Shugaba Johnson ya sa hannu kan dokar 'yancin zaɓe. Da yaran suka ji cewa mai sunan gadar jigo ne a Klan, musu ya kaure a mota kan ko a sauya sunan. Da kana nan, na san da sai ka fi su ɗaga murya.

Abin da ke damuna shi ne kuɗin tafiyar ya hana wasu zuwa, kuma galibinsu 'ya'yan talakawa ne waɗanda kakanninsu suka rayu a ƙarƙashin wariyar launin fata. Na ƙudura cewa baɗi ba za a bar ko ɗaya ba, shi ya sa na fara tuntuɓar iyaye kan kafa asusu. Kai da ka saba haɗa gudummawa a ƙungiyar iyaye da malamai, ka rubuto mini yadda kake shawo kansu.

Ka gaida mini Malam Babba.

Naka har kullum,
Aminu