Amsa Ga Malamin Da Ya Ce Ƙiyayyar Turawa Nake Koyarwa

Assalamu alaikum, Malam.

Na ga tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a. Ka ce in har ciniki ne ya fitar da Ingila mamayar ƙasashen mutane, me ya sa ita ce ta hana cinikin bayi, ta kuma shimfiɗa mana dogo? Sannan ka ƙara da cewa ƙiyayyar Turawa nake cusa wa ɗalibai da sunan tarihi. Wannan ta ƙarshen ita ta sosa mini rai, domin ƙarya ka jingina mini a gaban masu ganin mutuncina. Da neman sani ya kawo ka, da hujja za ka tambaya kafin ka yanke hukunci.

To ga hujjar. Ranar 31 ga Disamba 1600 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta ba wasu attajiran Landan takardar izinin kafa Kamfanin Gabashin Indiya. Babu wa'azi ko ceton kowa a lissafinsu, barkono da sauran kayan yaji suka fita nema. Yadda abin ke tafiya kusan ɗaya ne a ko'ina: a roƙi sarki fili a gina rumbun ajiyar kaya, a kewaye rumbun da ganuwa, a ɗauki 'yan ƙasa aikin soja don gadinsa, sai a shiga rigimar sarauta a ɗaure wa ɗaya gindi. Haka aka yi a yaƙin Filasi, a yankin Bengal na Indiya, a 1757. Robert Clive da mayaƙa kimanin 3,000 ya karya sarkin Bengal mai kusan 50,000, saboda an riga an saye babban kwamandansa, Mir Jafar, ya ƙi shiga yaƙin. A 1765 kamfanin ya karɓi ikon tara harajin Bengal da Bihar da Orissa, ya koma sayen kayan Indiya da kuɗin Indiyawa. Sai 1858, bayan boren Indiyawa na 1857, gwamnati ta karɓi mulkin daga hannunsa. Kimanin shekara ɗari kenan 'yan kasuwa na riƙe da ƙasa.

Maganar bayi kuwa, ban taɓa musun dokar 1807 da ta haramta cinikinsu ba, kuma jiragen yaƙin Ingila sun kuɓutar da dubban mutane a teku. Amma wa ya fi kowa jigilar bayi a ƙarni na 18? Jiragen Birtaniya sun kwashe 'yan Afirka sama da miliyan 3 zuwa gonakin rake na Barbados da Jamaika da sauransu. Da aka soke bautar a 1833, fam miliyan 20 aka ware na diyya, kuma iyayen gijin aka biya. Bawa ko sisi bai samu ba.

Mu dawo gida. Da sunan hana cinikin bayi aka yi wa Ikko ruwan wuta a 1851, aka tsige Kosoko aka ɗora Akitoye, bayan shekara 10 aka haɗiye garin. A lokacin masana'antun Ingila na neman manja ruwa a jallo, don sabulu da kyandir da man shafa wa injuna. George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila da ke ciniki a kogin Kwara a 1879, ya saye na Faransawa, wanda hakan ya ba Ingila bakin magana a taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka zauna kan rabon Afirka. A 1886 ya samu izinin mulki da sunan Kamfanin Neja, sojojinsa kuma suka ci Bida da Ilori a 1897. Da gwamnati ta karɓe izinin a 1900, fam 865,000 ta biya kamfanin. Tamkar haja aka sayi hurumin.

Ban ce kuɗi kaɗai ba ne. Akwai tsoron kada Faransa ta riga su, shi ma ya ingiza Lugga, shugaban mulkin Ingila a Arewa, ya faɗa wa Kano a Fabrairun 1903 da Sakkwato a Maris, da bindiga mai ruwa, har Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama a Burmi a watan Yuli. Amma in 'yanta bayi ya kawo su, me ya sa dokar 1901 ta tsaya ga haramta farautar bayi da saye da sayarwa da 'yanta 'ya'yan da za a haifa nan gaba, ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936? Sun ji tsoron gonaki su mutu, sarakunan da suke mulki ta hannunsu su bijire, haraji ya tsaya.

Dogo kuma ka duba taswira kawai. Ya iso Kano a 1911, ɗaya bakinsa yana tashar jiragen ruwa, gyaɗa da fata da kuza ke gangarawa.

Abin da ya fi damuna, Malam, ba kai kaɗai ba ne. An taɓa cire darasin tarihi daga makarantunmu na ƙasa na tsawon shekaru, har ta kai duk wanda ya kawo shekara da adadi sai a ce yana da wata manufa. Ga su nan na jera maka. Ka nuna wanda na ƙaga a cikinsu, a wurin da ka yi tambayar, zan janye shi a gaban kowa.

Wassalam.