Abin da muke tararwa a tumbin ragunan turke

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da masu turka raguna, musamman iyayenmu mata, tunda Babbar Sallah ta ƙarato. Ni mahauci ne a Garwa, sana'ar gado, kuma mu ake tasowa cikin dare idan rago ya kwanta ana gudun kada ya zama mushe. Mai rago bayan dabbarsa yake shafawa, mu kuwa cikinta muke buɗewa.

Abin da na fi tararwa a tumbin irin waɗannan raguna dusa ce, cunkus, ta yi tsami har warinta na hawa kai, ko tsinken ciyawa babu. Mai shi kuma yana ta rantsuwa cewa bai taɓa barin ragon da yunwa ba. Gaskiya ya faɗa, ƙoshin ne ya kayar da shi.

Malamin dabbobin da ke duba mana nama ne ya warware mini zancen. Ashe ba tunkiya ke narkar da ciyawa da kanta ba. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, maƙil cikin tumbi, su ke wannan aiki. Idan aka jibga wa rago dusa ko tsaba a tashi ɗaya, tumbin sai ya yi tsami, masu narkar da ciyawar su mutu, rago ya bar tuƙa, zawo ya biyo baya. Tuƙa ce ke kawo yawu, yawun ke kashe tsamin, kuma abu mai kaushi irin su kara da harawa ne ke sa dabba tuƙa. Wanda ya hana ragonsa kara wai don ya bar wa dusa wuri, ya janye masa garkuwa.

Sai kuma waɗanda ba su da halin dusar, su watsa karan dawa ko na muskuwari, wato dawar rani, su tafi. Nan ma da sauran magana. Sinadarin gina jiki da ke cikin busasshen kara bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba, alhali halittun nan na tumbi suna bukatar kimanin kashi 7 kafin su yi aiki yadda ya kamata. Idan bai kai haka ba, karan sai ya daɗe a ciki bai narke ba, wuri ya ƙi samuwa, dabba ta rage ci. Shi ya sa a bazara za ka ga tunkiya da ƙaton ciki amma haƙarƙari a waje. Abin da ya fi ba ni mamaki, idan ka ƙara mata ɗan harawar gyada ko ta wake, wadda nata sinadarin ya haura kashi 10, ba rage cin karan take yi ba, ƙarawa take yi. Kakanninmu da ke ɗora harawa a kan rumfa, suna kuma tsinto 'ya'yan gawo, sun san abin da suke yi.

Na tambayi malamin yadda aka san waɗannan alƙaluma, sai ya ce aunawa ake yi. Ana sa rago a keji shi kaɗai, a ba shi kamar mako 2 ya saba da abincin, sannan a yi wajen mako 1 ana auna abin da aka zuba masa, da abin da ya rage, da kashin da ya yi. Abin da ya shiga bai fito ba, shi ne ya narke. Na yi dariya da na ji masu digiri suna ɗora kashin tumaki a sikeli, amma da haka aka gano cewa tunkiya na cin kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyinta a busasshen abinci kowace rana. Ragon kilo 40 ke nan kilo 1 da ɗan ɗoriya ya ishe shi, kuma bai kamata dusa ta cinye wannan awon duka ba.

Mu nan Allah ya hore mana auduga. Tun 1974 aka kafa kamfanin auduga na Sodecoton, kuma daga matatun mansa na Garwa da Marwa turto ke fitowa, wato tunkuzar auduga. Abinci ne mai ƙarfi, gram 200 zuwa 300 a rana ya wadaci ragon turke, a fara da kaɗan ana ƙarawa a hankali. Kada dai a ba 'yan tumakin da ba su fara tuƙa sosai ba, domin ƙwayar auduga tana da wani dafi, gosifol, wanda tumbin babba ke iya dannewa, na ƙarami kuwa bai kai ba.

Akwai wata cutar da dusa ke jawowa, wadda ta fi ba ni tausayi. Rago ya yi ta nishi, yana bankarewa, fitsari ya ƙi fita. Idan muka yanka sai mu ga tsakuwa ta toshe hanyar, wani lokaci mafitsarar ma ta fashe a ciki. Dusa tana da sinadarin fosfaras da yawa, sinadarin kalsiyam kaɗan, alhali ana so kalsiyam ya ninka shi sau 2. Harawa ke cike wannan giɓi. A riƙa ajiye masa ruwa wuni guda, da ɗan gishiri don ya ji ƙishi ya sha. Ledar da muke zarowa a tumbin tumakin da ke yawo kuwa, duk da an haramta marar ruɓewa a Kamaru tun 2014, wannan sai wata wasiƙar.

Malam Edita, cibiyar binciken noma ta IRAD tana da tashoshi a Garwa da Marwa da Wakwa kusa da Ngaundere, kuma da Faransanci ko Turanci ake rubuta sakamakon irin wannan aiki. Ku tura wakilinku ya zauna da masanan, ya kawo mana da Hausa, a ma'aunin da mata ke aiki da shi a tsakar gida: ƙwarya nawa ta dusa, dami nawa na harawa, ga rago mai girma kaza. Ni zan karanta wa na unguwarmu.

Naka,
Wani mahauci,
Garwa, Kamaru